Allurar Ɓargo: Dabarar Haɗa Karayar Da Ta Ƙi Warkewa

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, karayar ƙwauri ba baƙon abu ba ce, musamman ga masu hawa babur a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa ta Shuwarin. Yawancin karaya takan haɗe cikin 'yan watanni, amma akwai wadda takan cije, ta bar magidanci a kwance, ba noma ba aikin ofis. A ƙa'idar likitoci, idan karaya ta kai wata 9 ba ta haɗe ba, kuma hoton ƙashi bai nuna wani canji ba cikin wata 3 a jere, to ta ƙi warkewa ke nan.

Maganin da aka saba yi shi ne fiɗa, wato a yanko ɗan ƙashi daga ƙugun majiyyaci a dasa a bakin karayar. Allurar ɓargo kuwa ba ta bukatar babbar yanka. Bayan an kashe zafi, likita zai soka allura mai kauri cikin ƙashin ƙugu ya zuƙo ɓargo, sa'an nan ya zuba shi daidai inda ƙashin ya rabu, yana duba wurin da na'urar hoton ƙashi. Hikimar ita ce, ɓargo yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rikiɗa su gina sabon ƙashi. Da yake na jikin mutum ne kansa, jiki ba ya ƙin sa.

A cikin 1991, Dokta John Connolly na Amurka ya bayyana cewa daga cikin karayar ƙwauri 20 da ya yi wa wannan allura, 18 sun haɗe. A cikin 2005 kuma, Farfesa Philippe Hernigou na Faransa ya ba da sakamakon majiyyata 60, inda 53 suka warke. Shi ya riƙa tace ɓargon ne kafin ya zuba, ya kuma gano cewa mutum 7 ɗin da ba su warke ba su ne waɗanda ɓargonsu ya gaza wajen yawan ƙwayoyin nan.

Sai dai fa dabarar tana da sharuɗɗa. Dole ƙashin ya kasance a miƙe, a kafe da filasta ko ƙarfe, ratar da ke tsakani ƙarama ce, kuma babu mugunya. Shan taba da ciwon sukari ma suna jinkirta haɗuwar ƙashi.

A nan ne al'adar zuwa wurin maɗori ta shigo. Mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ɗori ya ƙi ci, ƙafa ta karkace ko rauni ya ruɓe. A lokacin allura ba za ta wadatar ba, sai babbar fiɗa da kuɗi mai yawa, wani lokaci ma har da yanke ƙafa.

Saboda haka ya wajaba ma'aikata da ɗalibai, waɗanda ake jin maganarsu a gida, su matsa a kai mai karaya ɗaukar hoto tun da wuri. Akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Likitan ƙashi ne kaɗai zai faɗi maganin da ya dace da kowace karaya.