Sarkin Da Ke Cikin Kai, Da Dalilin Maƙoƙo

Duk wanda ya saba zaga kasuwannin ƙauye ya taɓa ganin mai maƙoƙo, galibi mace, gaban wuyanta ya kumbura kamar an rataya mata tulu. Wasu kan ce ruwan rijiya ne, wasu su ce sammu. Gaskiyar maganar ita ce kumburin nan biyayya ce ga wani umurni da ke fitowa daga cikin kai.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wani ɗan ƙullutun nama wanda bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa kamar rabin giram. Yana zaune cikin wani gurbin ƙashi mai siffar sirdi. Likitoci suna kiransa fituwitari, kuma sunan ma kuskure ne aka gada, don masanan dā sun zaci a nan ake yin majina, suka laƙaba masa sunanta da harshen Latin.

Jiki yana da hanya biyu ta aika saƙo. Ta farko jijiyoyi, masu sauri kamar tarho. Ta biyu jini, wanda ke ɗaukar saƙo kamar yadda ake ɗaukar wasiƙa, ya zaga da ita ko'ina, amma ba mai karantawa sai wanda aka rubuta wa. Irin wannan saƙo shi ake kira homon. Wasu Turawan Ingila biyu, Bayliss da Starling, su suka gano na farko a Landan a 1902, aka raɗa sunan a 1905.

To, fituwitari shi ne sarki, hakimansa kuwa suna warwatse: ɗaya a gaban wuya, watau tayiroyid, biyu a kan ƙoda, sai kuma na haihuwa. Shi ma sarkin fa ba da ra'ayinsa kaɗai yake aiki ba, akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa a bisansa da ke gaya masa abin da zai yi. Wasu ayyuka da kansa yake riƙe da su, kamar girman jiki da kawo nono. In saƙon girma ya yi yawa ana samun irin Robert Wadlow na Amurka, wanda ya rasu a 1940 yana da shekara 22, tsawonsa ƙafa 8 da inci 11.

Mu koma kan wuya. Aikin tayiroyid shi ne ya yi homon da ke hura wutar jiki, yadda abinci zai zama ƙarfi da ɗumi. Amma ba ya iya yinsa sai da aidin, wanda ke shigowa cikin abinci. Sarki kullum yana auna jini. In ya ga homon ya isa, sai ya sassauta. In ya ga ya kasa, sai ya aika wa hakimi ya ƙara himma. To, ina hakimi zai samo abin da babu? Sarki bai san dalili ba, shi dai saƙo yake ta aikawa, wata da watanni, shekara da shekaru. Tayiroyid ya yi ta ƙara girma don neman cika umurni, har ya fito fili. Wannan shi ne maƙoƙo.

Abin mamaki, aidin ɗin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, duk na rayuwar mutum bai fi cikin cokalin shayi guda ba. Yana da yawa a teku da kifinsa, amma ƙasar duwatsu da ta nesa da teku takan rasa shi, don ruwan sama ya wanke shi tun zamanin dā. Rogon da ba a jiƙa sosai ba yana ƙara tsananta abin. Mata sun fi kamuwa, kuma mai ciki ta fi kowa bukata.

A ganina kumburin wuya ma shi ne mai sauƙi. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta ginuwa daidai sai da wannan homon, tun yana ciki. In rashin ya yi tsanani a haifi yaro wada, ko kurma, ko mai taɓin fahimta. In kaɗan ne, ba a ganin kome a jikinsa, sai ya shiga aji a ga yana baya. Malamin da ya tarar da yara da yawa daga gari ɗaya suna haka, kafin ya ɗauki bulala ya kamata ya dubi wuyan iyayensu mata.

Maganin rigakafi yana da araha, watau a zuba aidin cikin gishiri. Suwizalan ta fara a 1922, Amurka ta bi a 1924, Nijeriya kuwa ta wajabta shi a 1993. Sai dai aidin yana gudu in an bar gishiri a buɗe cikin rana ko laima, saboda haka a saye shi a ƙunshe, a ajiye a rufe. Maƙoƙon da ya daɗe ya yi tauri ba ya bajewa da gishiri, kuma ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Mai irin wannan sai a kai shi asibiti a auna jininsa.