Makonni Ukun Farko na Cikin Jar Akuya: Ɓarin da Ido Bai Gani

A gidajen Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Sakkwato har zuwa Maraɗi, jar akuya yawanci dukiyar mata ce, kuma da haihuwa ake auna darajarta. Bahaushe ya tanadi kalmomi domin wannan sha'ani: barbara, ɗaukar ciki, ɓari, juya. Sai dai dukkansu sun dogara ne ga abin da ido ya gani, alhali tun a makonni ukun farko ake yanke makomar cikin, lokacin da babu abin gani.

Akuya takan nemi bunsuru kusan duk bayan kwana 21. Idan barbara ta yi, maniyyi yakan haɗu da ƙwai a bututun da ke kaiwa mahaifa, ƙwan ya yi ta rabuwa, ya isa mahaifa wajen kwana na 4. Ba nan take yake kama bango ba. Yakan zauna sake cikin ruwan mahaifa, sannan daga wajen kwana na 12 ya miƙe ya zama kamar dogon zare. Wannan miƙewa ba ado ba ce. Da ita tayin yake yaɗa wani sinadari mai suna intafiron-tau a faɗin mahaifa, wato saƙon da ke shaida wa jikin uwa cewa an samu baƙo.

Muhimmancin saƙon yana ga wani rawayan ƙulli da ke tsirowa a gurbin da ƙwai ya fito. Shi ke samar da furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Idan saƙon bai isa ba zuwa wajen kwana na 16 ko 17, mahaifa da kanta takan saki sinadarin da ke narkar da ƙullin, tayin ya salwanta, akuya ta koma neman bunsuru a kan lokacinta. Mai ita ba za ta ce an yi ɓari ba. Cewa za ta yi "ba ta ɗauka ba". In abin ya maimaitu, sai a laƙaba mata juya, ta nufi kasuwa, ko da kuwa ta sha ɗauka.

A nan akuya ta bambanta da tunkiya, duk da turke ɗaya suke kwana. A jikin tunkiya, mabiyiya takan karɓi aikin samar da furojestaron bayan kimanin kwana 50. Akuya kuwa da ƙullin nan ta dogara har ƙarshen kwana 150 na cikinta, shi ya sa wahala da yunwa suka fi saurin zubar mata da ciki. Jar akuya ba ta da kakar barbara guda kamar awakin ƙasashen sanyi, don haka cikinta yana iya faɗawa tsakiyar bazara, sa'ad da harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, ciyawa kuma ba ta fito ba.