Maroko: Baƙon Iri Na Neman Kashe Wiwin Duwatsun Rif

A duwatsun Rif da ke arewacin Maroko, musamman kewayen garin Ketama, an daɗe ana noman wani irin tabar wiwi da ake kira Beldiya. Tsaunin ne ya horar da shi. Sanyi na hana shuka da wuri, lokacin zafi kuma ruwan sama ya ɗauke, saboda haka shekara da shekaru tsiron da ya jure fari, ya nuna da sauri, shi ke barin iri. Mu da muka san yadda gero ke riga maiwa nuna, wannan ba baƙon zance ba ne.

To amma tun daga shekarun 2000 dillalai suka riƙa shigo da irin aure daga Turai. Ya fi yabanya, ya fi bugarwa, sai dai shan ruwa gare shi kamar rake. Manoma suka shiga haƙa rijiyoyi, maɓuɓɓugai suka fara ƙafewa, iska kuma na kwasar garin furensa tana gurɓata Beldiya.

A 2021 gwamnati ta halatta noman don magani da masana'antu, a larduna uku kacal: Alhusaima, Shafshawan da Tawnat. A 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa.

Sai dai mu tuna, wannan doka ta Maroko ce. A Illela ko Ƙonni, ƙunshin da aka ba ka saƙo ba ka buɗe ba, kai za a kama da shi.