Ɗibar yashi da tsakuwa a Gulbin Maraɗi: abin da ke damun masu garake

Da zarar ruwan damina ya janye daga Gulbin Maraɗi, amalanke da manyan motoci kan fara shiga cikinsa suna ɗibar yashi da tsakuwa. Birnin yana faɗaɗa, kowane bulo na siminti kuma yashi yake ci, kuma matasa da yawa da wannan aiki suke cin abinci a lokacin rani. Amma mutanen da ke noma a bakin gulbin sun daɗe suna kokawa, kuma kokensu yana da dalili.

Gulbin ya taso ne daga jihar Katsina a Najeriya, ya ratsa ta Madarumfa, Jiratawa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya. Watanni kaɗan yake gudu a shekara. Sauran lokaci ruwansa yana kwance ne a ƙarƙashin yashin da ake gani a busasshe. Wannan yashi shi ne randar fadamar: yana shanye ruwan damina, ya tace shi, ya riƙe shi kusa da sama. Da shi rijiyoyin garake ke rayuwa har cikin bazara. In aka kwashe shi da zurfi, ruwan yakan fito fili rana ta ƙone shi, na rijiyoyin da ke kusa kuma ya ja baya. Mai garka sai ya ƙara zurfin rijiya, ya ƙara kuɗin mai a injin ban ruwa. Tun da aka gina madatsar Jibiya a can sama ruwan da ke isowa ya sauya, don haka abin da yashin ke ajiyewa ya ƙara daraja.

Matsala ta biyu ita ce gaɓa. Ramin da aka haƙa a gindinta yana cinye mata ƙafa. Ruwan farko mai ƙarfi na zuwa sai ta zabtare, ta tafi da gona da itatuwan mangwaro. Maraɗawa ba baƙin ɓarnar gulbi ba ne: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tada garin daga kwari aka maida shi kan tudu. Ramukan da aka bari kuma kan cika da ruwa, su zama gidan sauro da tarkon yara masu wanka.

Wasu kan ce ai a Yamai ana kukan yashi ya cike kogin Isa, to ɗibarsa gyara ce. Akwai gaskiya a ciki, amma wurin da aka ɗiba shi ne magana. Kwashe yashin da ya taru a tsakiyar hanyar ruwa daban, yanke gaɓa don mota ta samu sauƙin lodi daban.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta ƙasa ta tanadi cewa sai da izini ake buɗe wurin haƙar yashi ko tsakuwa, kuma mai izinin ne zai gyara wurin in ya gama. Dokar 2018 kan tantance illar ayyuka ga muhalli ta ɗora bin diddigi a kan hukumar BNEE. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan masu ɗiba: suna da yawa, yau suna nan gobe suna can, babu wanda za a kama da laifin rami guda. Ana karɓar haraji a kan lodi, ramin kuwa yana nan.

Gyaran kansa ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan. A kwantar da bakin ramin ya daina tsayawa a miƙe, a maida ƙasar sama da aka kankare, a ɗaure gaɓa da duwatsu cikin ragar waya, a dasa itatuwa. Manoman Keita a jihar Tawa sun farfaɗo da faƙo da irin waɗannan dabaru tun daga 1984. Abin da masu garake ke nema shi ne kowace ƙaramar hukuma ta shata wurin ɗiba nesa da rijiyoyi da gadoji, ta ƙayyade zurfi, ta kuma ware wani kaso na harajin don cike ramuka kafin saukar damina.