Ko Kun Sani?

Sinadarin da ke ƙara wa man goge baki da askirim kauri yana cikin batirin litiyam na wayoyi da yawa. Sunansa CMC, daga auduga ko itace ake samo shi. A ɓangaren batirin da ake kira anod, garin girafait ake shafawa a kan siririn fallen jan ƙarfe, CMC da wata roba su zama gam ɗin da ke riƙe shi. Duk caji garin kan kumbura da kusan kashi 10 cikin 100. Gam na saki, garin ya ɓanɓare, batiri ya daina riƙe wuta. Silikon kuwa, da ake gwadawa a madadin girafait, kumburinsa na kaiwa kashi 300, shi ya sa masana suka gwada gam ɗin ciyawar teku.