Mage ma tana ciwon suga: kada ka yi mata allura sai da likitan dabbobi

A gidaje da yawa a Karmo, Gwagwa da Idu, mage ba don ɓera kaɗai ake ajiye ta ba, ta zama 'yar gida. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa ita ma tana kamuwa da ciwon suga, kuma nata ya fi kama da wanda ke samun manya masu ƙiba a cikinmu. Ciwon yana jin magani, wata ma takan samu sauƙi har a daina yi mata allura. Haɗarin yana wurin yi mata magani da ka, musamman a gidan da akwai mai ciwon suga da ke da insulin a firji.

Alamomin ba su da wuyar ganewa idan kana lura. Za ka ga tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, tana ci sosai amma tana ramewa. Wani lokaci kiyashi kan taru a inda ta yi fitsari. Idan ciwon ya daɗe, ƙafafunta na baya kan yi rauni har ta riƙa taka ƙasa da dunduniya, ta kasa hawa katangar da ta saba hawa. Ya fi kama mage mai ƙiba wadda ta manyanta kuma ba ta yawan motsi, musamman muzurun da aka dandaƙe. Yawan ba ta magunguna irin su dexamethasone da prednisolone ma na iya jawo shi.

Kana ganin haka, likitan dabbobi za ka nufa, ba kemis ba. Tsoro kaɗai yana iya ɗaga sugan jinin mage na ɗan lokaci, don haka awo ɗaya da na'urar gida ba ya isa a yanke hukunci. Likita zai duba jini da fitsari, yana iya ƙarawa da gwajin fructosamine, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan mako biyun da suka wuce. Akwai asibitocin dabbobi masu zaman kansu a cikin Abuja, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Ka tabbatar wanda zai duba ta yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya.

Yawanci magani shi ne allurar insulin a ƙarƙashin fata sau biyu a rana, tsakani awa 12. A nan ne nake so ka natsu. Insulin da aka fi amfani da shi ƙarfi biyu ne. Na mutane, irin su Lantus, yana da yunit 100 a kowane mililita, shi ake rubuta wa U-100. Na dabbobi, irin su Caninsulin da ProZinc, yana da yunit 40, wato U-40. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, ka ba ta ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Mage kuwa yawanci da yunit 1 ko 2 ake fara mata, alhali babban mutum yana iya buƙatar gommai a rana. Saboda haka ka nuna wa likita kwalbar da sirinjin tare, ya koya maka zuƙa da yin allurar a gabansa kafin ka koma gida.

Kada ka ba ta ƙwayoyin suga na Baba ko na Hajiya. A Amurka an amince da maganin sha na mage mai suna Bexacat a 2022, sai Senvelgo a 2023, amma ba kowace mage suka dace da ita ba, kuma sai likita ya yi gwaje-gwaje tukuna. Farasitamol kuwa guba ne a jikin mage, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ajiya ma wani aiki ne a unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa. Insulin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kada ya daskare, kada rana ta buge shi, kada a bar shi cikin mota. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ɗaure kwalbar a leda a sa cikin kula mai ƙanƙara, amma a naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. Wanda ya canza launi ko ya yi gudaji, a daina amfani da shi.

Sai abinci. Mage maciyar nama ce. Ragowar tuwo, shinkafa da burodi suna ɗaga mata suga, miyarmu kuma tana da albasa da tafarnuwa waɗanda ke lalata mata jini. Likita zai tsara mata abinci mai yawan nama da ƙarancin sitaci. Kada ka sauya abincin da kanka bayan an fara allura, domin buƙatarta ta insulin za ta iya raguwa nan take. Kada kuma ka hana ta ci don ta rame, hakan yana taɓa hantarta.

Abin da ya fi gaggawa shi ne faɗuwar suga. Idan ta yi laushi, tana tangaɗi ko karkarwa, ka shafa mata ɗan zuma a dasashi, kada ka ɗura mata komai a baki, ka garzaya asibiti. Idan ta ƙi cin abinci ko tana amai, ka kira likita kafin allura ta gaba. Idan ba ka tabbatar allurar ta shiga ba, kada ka maimaita, ka jira lokaci na gaba.

A ware mutum ɗaya a gida mai yin allurar, don kada Yaya ya yi, Anti ma ta zo ta yi. A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokaci, yawan yunit, abin da ta ci da ruwan da ta sha. Da wannan littafin likita zai san lokacin ƙarawa, ragewa ko dainawa gaba ɗaya. Tun ranar farko ka tambaye shi abin da magani zai riƙa ci duk wata, ka faɗa masa ƙarfin aljihunka, ku tsara abin da za ka iya ɗorewa a kai.