Keken lantarki a Baleyara: a duba batir kafin a duba fenti

Kowace ranar Lahadi, tun kafin rana ta ɗaga, hanyoyin da ke shiga Baleyara sukan cika da shanu da tumaki da raƙuma da amalanken jakuna. Kurfayawa suna gangarowa daga wajen Filinge, fatake kuma suna tasowa daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 100. Wannan kowa ya san shi. Amma akwai wata tafiyar da ba a cika zancenta ba, ita ce ta safiyar Litinin, bayan kasuwa ta watse, sa'ad da ma'aikata ke kama hanyar wurin aiki: malamin lakwal da aka tura ƙauye alhali iyalinsa suna cikin gari, ma'aikacin likita, malamin gona mai zagaya garake a cikin dallol. Wani kilomita 5 ne gabansa, wani 10, kuma albashi ba ya ƙaruwa don hanya ta yi nisa.

Shekara da shekaru babur ne abin hawan waɗannan bayin Allah, sai abubuwa biyu suka taɓa shi. Na farko mai. A cikin 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, man da ake tsallakowa da shi ana sayarwa cikin kwalabe ya daina araha. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauko da kuɗin litar isansi zuwa tamma 499, wato dala ɗari ba tamma guda, amma a watan Maris na 2025 aka yi ƙarancin mai, masu babura suka yini a layi. Na biyu tsaro. Tun daga 1 ga Janairu 2020 aka hana zirga-zirgar babura dare da rana a sassa da yawa na jahar Tillaberi, domin a kansu ƴan bindiga ke kai hari. An ɗage dokar a watan Satumba na 2021, aka sake mayar da ita a wasu wurare cikin watan Oktoba na wannan shekara. Ba abin mamaki ba ne in ma'aikaci ya fara tunanin keken da ke tafiya da batir.

Shi wannan keke iri biyu ne, kuma a kasuwa suna ɗaya ake kiran su. Akwai keke na sosai mai feda da sarƙa, wanda aka ɗora wa ƙaramin inji a cibiyar taya. Mutum yana tuƙawa, injin yana taya shi. A ƙasashen Turai an iyakance irin wannan a kan ƙarfin wat 250, injin kuma yakan daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Akwai kuma mai kama da ƙaramin babur, wanda ake murɗa wa hannu ya tafi, ko feda babu, ko kuwa an maƙala ta don ado. Irinsa ya cika biranen ƙasar Sin, inda kekunan lantarki suka haura miliyan 300. Bambancin yana bayyana ranar da batir ya ƙare a tsakiyar hanya. Mai na farkon zai tuƙa ya isa gida da ɗan gumi. Mai na biyun sai turi cikin rairayi, kuma abin yana da nauyi.

To, masu karatu, abin da ake saye a nan batir ne. Ƙarfe da taya duk mun san su tun zamanin kakanni. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya ninkawa, ba mai sayarwa da zai rufe masa ido, domin a jikin kowane batir akwai lambobi biyu: ɗaya tana gaban harafin V, ɗaya tana gaban Ah. A ninka su. In an ga 36 V da 10 Ah, ya zama 360. In an ga 48 V da 12 Ah, ya zama 576. Wannan adadi, wanda masana ke kira wat-awa, shi ne girman tulun, shi ke faɗin yawan wutar da batir ke ɗauka.

Sai kuma a san abin da hanya ke sha. A kan kwalta, mutum yana taimakawa da ƙafa, kilomita ɗaya yakan ci wat-awa 10 zuwa 15. Cikin rairayin dallol, ko da kaya a baya, ko in an bar wa inji aikin duka, yakan kai 25 har ya wuce. Ga kuma iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Wanda ya nufi wajen Filinge da safe, da ita zai yi ta kokawa. Saboda haka in mai shago ya ce keken yana yin kilomita 60, ba lalle ƙarya ya yi ba, sai dai an auna ne a kan shimfiɗaɗɗen titi da mutum marar nauyi. A raba maganarsa biyu.

Mu ɗauki malamin da ke tsakaninsa da lakwal ɗinsa kilomita 8, rabin hanya rairayi. Zuwa da komowa 16 ke nan. A ninka da 25, ya ba da 400. A ƙara sulusi a kai, domin batir yana raguwa da tsufa, kuma ba a so a riƙa tatse shi ƙarƙaf: ya zama wajen 530. Ke nan batir mai 360 ba nasa ba ne, ko da fentin keken ya fi na kowa ƙyalli. Mai 576 ne zai kai shi ya komo da shi.

Batir ma iri biyu ne. Na darma shi ne mai araha. Akan jera guda huɗu masu 12 V, nauyinsu ya kai wajen kilo 16, kuma bayan caji kamar 300 sukan fara gajiya. Kada wani ya ce zai musanya su da batirin tayar da babur, ba aikinsu ɗaya ba. Shi wannan an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci. Na litiyom ya fi tsada, amma mai ɗaukar wuta daidai da waɗancan huɗun bai wuce kilo 4 ba, kuma yakan jure caji 500 ko fiye. Akwai wani jinsinsa da ake rubuta wa LiFePO4, ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure zafi, ya fi daɗewa. A ganina, ga ma'aikacin da ke fita kullum, na litiyom wanda ake iya cirowa da makulli a shiga da shi ɗaki shi ya fi, da sharaɗi ɗaya: mai sayarwa ya nuna wani batirin irinsa a kan kanta, ya faɗi kuɗinsa. In ya ce sai an aiko daga waje, a yi masa sallama.

Babban abokin gaban batir a ƙasarmu zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 42 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Masu ƙera batirin litiyom sun hana a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Don haka ba a dawowa daga aiki da azahar a jona shi nan take. A bar shi ya huce. A wurin aiki a nema masa gindin dogon yaro. In za a yi caji, a ajiye shi a ƙasa, nesa da zana da katifa, ba cikin ɗakin da yara ke kwana ba, kuma da na'urar cajin da ta zo tare da shi kaɗai. Batirin da ya kumbura ko ya fara wari a fitar da shi waje, domin wutar litiyom in ta kama tana da wuyar kashewa.

Ina za a samo wutar? Cika batir yana ɗaukar awa 4 zuwa 6. Mai kuran na NIGELEC a gida ya huta, amma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Hasken rana kuwa Allah ya ba mu. Faifan rana mai wat 150, in ana share masa ƙura, yana iya tara abin da zai cika batirin malamin nan a yini guda. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: lokacin da rana ke bugun faifan a gida, keken yana lakwal. Ko dai faifan ya kasance a wurin aiki, ko a sayi wani batirin na ajiya a gida, wannan kuma wani kuɗi ne. Kada kuma a dogara ga mai rumfar cajin waya, domin batirin keke ɗaya yana shan abin da waya kusan 40 ke sha.

Yanzu mu zo ga aljihu. Malamin nan yana yin wajen kilomita 350 a cikin kwana 22 na aiki. Babur mai shan lita 2 da rabi a kilomita 100 zai ci lita 9, kusan jika 4 da rabi a farashin 2024. Keken zai sha wajen kilowat-awa 10; in aka ƙaddara kowane a kan tamma 100, jika guda ke nan. Rarar jika 3 da rabi tana da daɗin ji, amma ba duka ba ce tasa. Mu ce, don lissafi kawai, sabon batir jika 72 ne, kuma shekara 2 zai yi: jika 3 ke nan duk wata da ya kamata a jefa a asusu ko adashe. Wanda ya ci wannan kuɗi, ranar da batir ya mutu zai tarar da keke jingine a zaure. Ribar gaskiya tana wani wuri: ba layin mai, ba juyen baƙin mai, ba fulogi, kuma gyaran birki da sarƙa kowane mai gyaran keke ya iya.

Sauran ƙarfen ba ya bukatar dogon bayani. A zaɓi taya mai faɗi saboda rairayi, mai lamba 26 wadda ake samu a kasuwanninmu, domin tsidau da ƙayar aduwa ba su san keke mai tsada ba. A tambayi mai faci ko ya iya kwance ƙafar baya ba tare da ya tsinke wayar inji ba. Da damina kada a kutsa cikin ruwan da ya kai cibiyar taya. Wanda kuma aikinsa ke kai shi Filinge, tafiyar fiye da kilomita 80, wannan keke ba nasa ba ne, ya nemi mota.

Saura maganar doka. Mai kama da babur, daga nesa babur ne a idon jami'in tsaro, kuma matakan dokar ta-ɓaci suna sauyawa daga gunduma zuwa gunduma. Tun da Baleyara ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ba sai an je Filinge ba: kafin a biya kuɗi, a ɗauki hoton keken a je ofishin perfe ko wurin jandarma, a tambaya ko an yarda a hau irinsa a hanyar da za a riƙa bi, da kuma sa'o'in da aka yarda. A karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar keken da ta batir, a riƙa yawo da ita. In kuma akwai abokin aiki da ya riga ya saya, a roƙe shi aron yini ɗaya, a cika batir, a je wurin aiki a komo ta hanyar da aka saba, da jakar littattafai a baya, sa'an nan a duba fitila nawa ta rage a jikin ma'aunin.